Ƙasa a Tafin Hambali

A kan turmi Habi ta fara faɗa da Hambali. Turmin kirya ne, uwarta ta zo da shi daga Sae Sabuwa ta mutu ta bar mata, mata biyu ba su ɗaga shi sai dai su mirgina. Wata safiya cikin kaka ta fito da ƙwaryar hatsi za ta yi surfe, ta iske wurin wayam, sai zoben da gindin turmin ya bari a ƙasa. Ba sawun mirginawa. Ɗauka aka yi cak, kuma duk Rijiyar Kalgo mutum guda ne zai iya. Ta leƙa ta kan darni, ga ƙanen mijinta marigayi, Hambali ɗan kokowa, ya rungume turmin a ƙirji yana durƙusawa yana miƙewa, gumi na ɗiga cikin abin da ake daka abincin mutane.

"Kai ƙaton banza! Matarka Laraba ta kore ka ne ka koma rungumar turmina?"

"Ina kwana, Yaya Habi. Aro na yi."

"Wa ka tambaya? Akuya?"

"Da kin yarda in riƙa ɗaga ki, ai da turmin ya huta. Kun yi kusa a nauyi."

Wasan matar wa da ƙanen miji ne, kowa ya san shi, amma ran nan Habi ba ta tashi da wasa ba. Ta kewaya ta shiga gidansa da taɓarya, ta ɗaga ta bisa kansa tana zazzaga masa, tun daga ƙaton wuyansa har gonarsa da ciyawa ta cinye rabi yana yawon filaye. Maƙwabta suka fito kallo. Hambali ya dire turmin a hankali, ya tsuguna gabanta, ya ɗebi ƙasa cikin tafi yana murzawa. Bai dubi taɓaryar ba, bai dubi fuskarta ba, ya tsai da ido daidai ɗaurin zanenta har ta gaji ta sauke hannu. Sannan ya miƙe ya mai da turmin cikin zobensa.

Mutane suka watse suna dariya. Habi ba ta yi ba. Wanda ake zagi da taɓarya bisa kai, ko ya fusata, ko ya kauce, ko ya ji kunya. Wanda bai yi ko ɗaya ba akwai abin da ya taka. Ta ajiye wannan a ranta, ita kuwa Habi abin da ta ajiye ba ya ɓata.

Ta san shi tun bai zama kowa ba. Shekarar da aka kawo ta gidan Bubakar, wansa, Hambali ya riga ya tasa, gashin baki na tsirowa, amma da idonta ta ga rago ya kora shi har ɗakin uwarsa. Ba ya leƙa rijiya. In za a yi yanka sai ya ɓace. In hadari ya taso da tsawa, a neme shi ƙarƙashin rumbu tare da kaji. Uban ya gaji da abin kunya, ya kai shi Cadawa wurin wani tsohon ɗan kokowa mai suna Jaye, ya ce ko a gyara shi ko a riƙe shi can ya yi ta yi musu noma. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai ga Hambali ya dawo da walki a ƙugu, wuya kamar gindin gawo, magana sai an tono.

Mata suka ce Jaye ya dama masa zuciyar kura cikin fura. Maza suka ce rubutu aka wanke masa. Habi ta ce duk zance ne. Tsoro ba ya barin wanda aka haifa da shi, in ji ta, sai dai ya ɓoye shi wani wuri, ko ya sami wanda ya tsaya masa.

Ko mene ne dai, ya yi masa aiki. In an gama yankan hatsi aka kafa fage, daga Cadawa har Agiye har Gazawa, makaɗa sun san sunansa. Sauran 'yan kokowa su shigo da layu har hammata, suna tsalle suna kururuwa suna nuna sama da yatsa. Shi ya shigo kamar mai zuwa duba gona, ya tsuguna yana fuskantar abokin karawarsa, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya daɗe yana murzawa. Kowane ɗan kokowa na shafa ƙasa a hannu don kada jikin mai gumi ya sulluɓe masa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma nasa ya fita daban, har ya zama abin faɗi a kasuwa cewa wanda Hambali ya ɗebar wa ƙasa ya shirya kakkaɓe bayansa. An kada shi shi ma, kada a yi masa ƙarya. Wani baƙin dogo daga wajen Gidan Rumji ya taɓa nana shi da ƙasa gaban 'yammatan gari uku. Ya tashi ya kakkaɓe walkinsa, ya riƙe hannun dogon ya ɗaga, fuskarsa kamar ba shi aka kayar ba. Wannan ma Habi ta ajiye.

Aka zo aka ce an sami mulkin kai. Aka sauke tuta aka hau da wata a Cadawa, aka yi kiɗa, aka yi kokowa, Hambali ya dawo da rago da rawani. Ba a daɗe ba murna ta sake kama. Aka ce akwai jam'iyyar da aka hana, kuma mutanenta sun tsallaka iyaka suna shirin dawowa da bindigogi. Wa ke cikinta, wa ba ya ciki, ba mai sani, amma kamyo, babbar motar jandarma, ya koyi hanyar ƙauyuka. In aka ji gunjinsa daga nesa, mai cin tuwo ya tsame hannu. Kuma kowa ya san ba duba suke yi ba. In sun zo, da suna suke zuwa, wani ne cikin gari ke ba su.

Na farko da aka ɗauka Inusa tela ne, ranar kasuwar Cadawa. Habi na gefe da faifan ƙuli-ƙulinta. Da kamyon ya tsaya kasuwa ta yi tsit, masu tsaye suka rasa inda za su sa hannuwansu, wani tsoho ya saki fitsari a wando. Ta waiga, ga Hambali tsugune yana fuskantar rumfar Inusa, yana murza ƙasa a tafi. Jandarma suka wuce rumfuna da dama suka tsaya daidai ta Inusa.

Na biyu Cindo ne, mai jakai, a ƙofar gidan mai gari Magaji. An tara maza duka a rana. Kowa ya sunkuyar da kai. Hambali ya tsuguna, fuskarsa wajen da Cindo ke tsaye, ya ɗebi ƙasa. Aka kira sunan Cindo.

Habi ba ta gaya wa kowa ba, don a shekarun nan mai faɗin abin da ya gani shi ake fara tambaya. Amma ta gama ƙulla zancenta. Ga wanda ya tsaya masa nan, jandarma ne. Ga dalilin da duk gari ke karkarwa shi kaɗai yana wasa da ƙasa. Abin da yake yi wa wanda zai kayar a fage, shi yake yi wa wanda zai ba da. Ta ƙara kara a darnin da ke tsakaninsu, ta daina aika wa Laraba ɗanɗanon miya.

Sai Labo ya zo. Ƙanenta ne, shi kaɗai ya rage mata ciki ɗaya. Ya yi dako a Maraɗi, an ce an gan shi wurin taron waccan jam'iyya, da abin ya yi zafi ya tsallaka wajen Katsina. Labarin rasuwar gwaggonsu ya kai masa, wauta ta ɗebe shi ya taho gaisuwa, sai a hanya ya ji ana cigiyar sunansa. Ya shigo mata da rana tsaka cikin masu ɗauko damman hatsi daga gona, dami a kai ya rufe masa fuska. Ta dube shi, ta dubi darni, ta tura shi cikin rumbu ta jawo murfin. Da ƙyar ta bar masa ɗan tsagi ya sha iska. In an kama shi a nan, ta san ba ta sake ganinsa, don Inusa da Cindo har ranar ba wanda ya ji ɗuriyarsu.

Abu guda ta manta. Labo ya zo da takalmin roba na can ƙetare, mai zane a tafi kamar ƙashin kifi, irin da ba mai shi a Rijiyar Kalgo.

Washegari da hantsi ta fito zubar da ruwan tsari, ta ga Hambali tsugune bakin ƙofarta, daidai inda Labo ya taka, fuskarsa wajen rumbu, hannunsa cikin ƙasa yana shara yana dunƙulawa. Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Ta ja shi da walki har cikin gida, ta yi ƙasa da murya, amma harshen bai rage kaifi ba.

"Wa kake ɗebar wa yau? Inusa bai ishe ka ba? Cindo bai ishe ka ba?"

"Mi kike faɗi, Yaya Habi?"

"Na gan ka a Cadawa, na gan ka ƙofar Magaji. Duk wanda ka tsuguna wa sai kamyo ya tafi da shi. Mi suke ba ka? Rawani? Ko su suka saya maka zuciyar da kake taƙama da ita?"

Ya daɗe yana kallon ɗaurin zanenta. Sannan ya zubar da ƙasar, ya miƙo mata hannun.

"Taɓa."

Ta ƙi. Ya kamo hannunta ya ɗora. Tafin sanyi ƙalau, jiƙe da gumi, yana ɓari kamar na mai masassara.

"Haka yake tun jiya da na ga sawun nan," in ji shi. "Haka yake a Cadawa. Haka yake ranar taɓaryarki ma. Ban taɓa shiga fage ba cikina bai kaɗa ba, har yau."

"To zuciyar kurar fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Jaye ko fura bai cika ba ni ba. Abin da ya yi mini, ya sa yaransa suka yi ta kada ni, safe da marece, har na san ɗanɗanon ƙasar kowane lungu na gidansa. Ya ce to, abin da kake gudu ke nan, ka gan shi, ka mutu? Sannan ya ce tsoro daga ciki yake tasowa, ido da kunne yake nema. In ya kai ido sai ka ga layun mutum da faɗin ƙirjinsa, in ya kai kunne sai ka ji kiɗan da ake yi masa, shi ke nan an kada ka tun ba a taɓa ka ba. Don haka ka yi ƙasa kafin ya hau. Ka ɗebi ƙasa ka tambayi hannunka, mai zafi ce ko mai sanyi, mai laushi ce ko mai tsakuwa. Ka saki numfashi duka kamar mai hura wuta. Kada ka dubi fuska, fuska na ƙarya, dubi cibiya, inda ta nufa nan mutum za shi. Tsoron yana nan, bai tafi ko'ina ba, amma ka ba shi wurin zama. Ni ban nuna Inusa ba. Inda suka dosa nake fuskanta, don in na ba su baya gudu zan yi."

Habi ta janye hannunta ta goge a zane. Zance ne mai daɗi, kuma daɗinsa ne bai yi mata ba. Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar a yini, yau ga shi da jawabi a shirye.

"Har rawar hannu aka koya maka," ta ce.

"Jibi za mu kokowa can bakin iyaka," ya ce a hankali, yana kallon wani wuri. "Da makaɗa, da masu ɗaukar kaya. Ba mai tsai da 'yan kokowa a hanya. In akwai baƙon da ke son ɗaukar ganga, ba wanda zai dubi fuskarsa."

Haka ake yi, in ji zuciyarta. A fito da shi fili da ƙafarsa, a miƙa shi a kan hanya, ba sai an sha wahalar bincike ba.

"Wane baƙo? Ni gidana ba kowa sai ni da ɓeraye. Fita."

Ya fita. Da ta leƙa bakin ƙofa, sawun ƙashin kifin nan babu shi, an share tas har kwanar darni. Ta tsaya tana duban wurin. Ko ya share don ya rufa mata asiri, ko ya share don kada wani ya riga shi kai labari. Duka biyun sun zauna daidai.

Ba a kai jibin ba. Kashegari rana na tsaka aka ji gunjin kamyo, bai tsaya ƙofar Magaji ba, ya zo har bakin lungunsu. Wani ya ga sawu guda da ya rage wajen rijiya, ya kai labari. Jandarma suka shigo gidan Habi, Magaji na biye da su yana sharce gumi da hannun riga, mutane suka yi cirko-cirko bayan darni. Babbansu wani siriri ne mai tabo a haɓa, ba ya ɗaga murya.

"Ke ce yayar Labo?"

Ta zube ta durƙusa kamar yadda mace ke gaida manya, ba don ladabi ba. Kunnenta na ƙara, idonta na kan bindiga, daga bindiga sai ya nemi zamewa wajen rumbu, ta san kuwa in ya kai can an gama. Sai ta ji hannunta cikin ƙasa. Ba ita ta aike shi ba. Ta dunƙula. Mai zafi ce a sama, ƙarƙashi da ɗan sanyi, da ɓawon gujiya a ciki, da wata 'yar tsakuwa mai kaifi. Ta matse tsakuwar. Ta saki numfashi duka. Ta ɗauke ido daga fuskar mutumin ta ajiye kan ƙarfen ɗamararsa. Ƙarfe ne kawai, ya ma fara tsatsa a gefe.

"Ni ce, ranka ya daɗe. In kun gan shi ku ce masa gwaggonsa ta mutu bai zo ba, kada ya sake ya kira ni yayarsa."

"An ga sawun baƙo ya nufo nan."

"Baƙo a gidan gwauruwa? Ranka ya daɗe, da Allah ya kawo, ai da na riƙe shi."

Wani daga cikinsu ya yi dariya. Babban bai yi ba. Ƙarfen ɗamarar ya juya sannu, ya fuskanci rumbu. Habi ta gani, ta ƙara matse tsakuwar har ta huda mata tafi.

"Baƙona ne."

Hambali ne, tsugune bakin ƙofa, hannunsa cikin ƙasa. Ba wanda ya ga shigowarsa.

"Ɗan kokowa ne daga ƙetare," ya ce. "Ya zo mu sa ranar karawa, ya kwana wurina, ya koma jiya. Takalminsa ne kuka gani."

"Sunansa?"

"Mu da kirari muke sanin juna. Ba na tambayar mutum sunan yanka kafin in kada shi."

"Ka saukar da baƙo daga ƙetare ba ka gaya wa mai gari ba?"

"Ban gaya masa ba."

Ƙarfen ɗamarar ya bar rumbu ya koma kansa. Suka ce ya tashi. Ya zubar da ƙasar, ya kakkaɓe hannu, ya bi su kamar mai zuwa duba gona. Laraba ta fasa kuka. Kamyo ya tafi da shi.

Habi ba ta tsaya kuka ba. Kafin la'asar ta je wurin wata Bafillata da ta daɗe tana ba ta dusa tana karɓar nono, mutanenta na shirin kora shanu kudu. Da safe Labo ya fita da malfa da sanda a kafaɗa cikin ƙurar garke, ba takalmi. Takalmin ta sa a murhu, gidan ya yini yana warin roba, ta ce wa maƙwabta maganin sauro ne. Bayan wani lokaci Bafillatar ta dawo da ƙwaryar nono, ta ce mata ɗan maraƙin nan ya sha ruwa can gaba. Iyakar abin da aka faɗa ke nan.

Hambali ya dawo da farkon damina, a ƙasa, kafaɗar dama ta sauka ba ta sake hawa ba. Inusa da Cindo ba su dawo ba tukuna, sai shi da aka ɗauka daga baya. Gari ya yi lissafinsa. Abin da Habi ta ƙulla ita kaɗai a da, yanzu kowa ya ƙulla shi, har da masu cewa su ma sun lura da tsugunon nan tun tuni. In ya zo majalisa sai zance ya koma na ruwan sama. Makaɗa suka manta kirarinsa. Iyayen Laraba suka zo suka tafi da 'yarsu. Ya riƙa noma da hannu guda, abin da ya samu ya ci.

Mutum ɗaya ce, Habi, ta san abin da ke cikin rumbu ranar nan, ita kuma ba ta da bakin faɗi, don kamyo bai daina zuwa ba, kuma wanda ya kai labarin sawu yana nan cikin gari yana sallah da mutane. Ban da haka ma, ita kanta ba ta gama da Hambali ba. Don me suka sake shi? Kafaɗa dai ta karye, ta gani. Amma ana iya karya wa mutum kafaɗa a kuma aiko shi da saƙo. Ta rage karan da ta ƙara a darni, ta koma miƙa masa tuwo ta sama, ta kuma riƙe harshenta.

Shi kuwa tambaya guda gare shi. In ya karɓi akushi sai ya yi ƙasa da murya.

"Yaya Habi, baƙon nan ya isa gida?"

"Wane baƙo? Naka ɗan kokowar? Kai za a tambaya."

Sai ya gyaɗa kai ya tafi da tuwonsa. Bayan kwana biyu ya sake. Ita kuma duk sake tambayar sai ta ƙara jin ƙanshin tarko, don mai son sanin inda mutum yake, haka yake yi, ba ya gajiya. Wata rana ta ce masa in ya ƙara za ta daina sa masa man shanu. Ya ce ai dama ba ta sawa. Ranar kaɗai ta ga haƙoransa tun dawowarsa.

Yara ba su zo koyon kokowa wurinsa ba, iyaye sun hana. Amma in aka kafa fage a Cadawa yana zuwa ya tsaya can baya, in ya ga wanda idonsa ya kafe kan layun abokin karawa sai a ji yana cewa shi kaɗai, yi ƙasa, yi ƙasa. Ba mai juyowa.

Tari ya kama shi shekarar da aka sako Inusa tela. Inusa ya dawo ba haƙora, bai ce Hambali ne ba, bai ce ba shi ba ne, bai ce komai ba har ya mutu. Tarin ya ci Hambali a tsaye, wuyan nan ya koma kamar na zabo. Da ya kasa fita, Habi ta fasa darnin ta yi ƙofa, tana shiga da kunu tana fita da faɗa, wai ɗakinsa na warin tsohon walki.

Ranar ƙarshe da hantsi ta iske shi an fito da shi inuwar bukka bisa tabarmarta da ta ba shi aro. Numfashi na yi masa gardama. Hannun hagu ya sauka daga tabarmar yana lalube, amma wurin daɓe ne, ba abin ɗiba. Ta tsaya tana kallon hannun. Ta fita bakin ƙofa ta ciko tafinta da ƙasa, ta zo ta zuba masa. Ya dunƙula, ya murza, ta ji ya saki numfashi mai tsawo.

"Tsoro kake ji," ta ce.

"Sosai."

"Mai zafi ce ko mai sanyi?"

"Da ɗan ɗumi. Kin haɗo da kashin awaki."

"Shi ya dace da kai."

Ya lumshe ido har ta ɗauka ya yi barci. Sai leɓɓansa suka motsa.

"Yaya Habi. Baƙon nan."

Ta dubi ƙofa. Ta dubi darni, ta tashi ta leƙa bayansa, ba kowa sai kaza da 'ya'yanta. Ta dawo ta tsuguna, ta dubi mutumin tun daga kafaɗar da ta sauka har ƙafafun da suka bushe, tana neman inda zai iya kai labari da su, ba ta samu ba. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Ya isa. Tun washegarin da aka tafi da kai ya bi shanu ya tsallaka, yana can yana ƙiba kamar ba shi ya jawo ba. A rumbu yake ranar, ka sani, na sani. To ka ji. Saki ƙasar nan haka, kana ɓata mini tabarma."